Shekarar da Na Hana Yarana Zuwa Boko

Ƙauyenmu yana kusa da Tsaskiya, firamaren kuma tana hayin rafi, sai an ratsa gonakin dawa. Idan dawa ta yi tsawo, yaro ya shiga ciki, ko hularsa ba ka ƙara hangowa. A wannan hanyar ɓarayin daji suka ɗauke mata biyu da rana tsaka, suna dawowa daga cirar gyaɗa. Daga ranar na ce yarana, macen da namijin, sun bar zuwa boko. Maigidana bai musa ba. Suka koma zauren kakansu, wanda ke karantar da allo.

Bayan girbi mai unguwa ya sa aka tara iyaye. Wata ma'aikaciyar ilimi ce ta zo daga Safana a bayan babur, hijabinta duk jar ƙasa. Ta ce doka ta wajabta sa yaro a firamare, wanda ya ƙi kuwa sakaci ya yi da haƙƙin ɗansa, ana iya kai shi kotu.

Ban taɓa shiga kotu ba, sai na dinga ganin an tafi da maigidana, an bar ni da yara a bakin daji. Da aka watse na bi ma'aikaciyar.

Na ce, "Hajiya, wanda tsoro ya hana, shi ma mai sakaci ne?"

Ta ce, "Baiwar Allah, abin da doka ta ce na faɗa miki. Yadda alƙali zai ɗauki uzurinki, wallahi ban sani ba. Ni kaina tun da na baro gida nake addu'a."

Tsoron kotu ya sa na mayar da yaran makaranta. Muka shirya da wasu mata, kullum mu raka yaran, mu zauna gindin tsamiya har a tashi. Ba na iya hira. Kunnena yana wajen daji.

Wata safiya muka ji ƙugin babura da yawa. Malamai suka buɗe ƙofofi, yara suka watsu ta ko'ina, wasu ta taga. Na cafke namijin, macen kuwa ban gan ta ba. Na yi ta kiranta har muryata ta dushe. Ashe 'yan sa-kai ne ke wucewa. Sai bayan azahar aka same ta cikin tarin kara, ta toshe bakinta da hijabi, ta kasa ko kuka.

A cikin satin na kai ta wurin yayata a garin Batsari, inda makaranta ke tsakiyar gidaje. Namijin ba su da wurin ajiye shi, yana zauren kakansa har yau. Ba a kira mu kotu ba. Malaman ma daga baya sun daina zuwa, yanzu awaki ke kwana a azuzuwan.