Daraktan da Bai Yarda da Umarnin Baki Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga wannan wata, ana shirin tashi daga aiki, labari ya iso ofis cewa Allah ya karɓi ran Daraktanmu a asibiti, bayan jinyar wata biyu. Mai abu ya karɓi abinsa, gare Shi duk za mu koma.

Yallaɓai, ba zan ce kowa ya ji daɗin aiki a ƙarƙashinka ba. Ba ka son ƙarya da ranka, ba zan fara maka ita yanzu ba. A bayan idonka "A Rubuce" muke kiran ka. Ko kujera mutum ya roƙa, sai ka ce ya kawo a rubuce. Kai ma in ka ba da umarni a bakin ƙofa, kafin mutum ya kai teburinsa takarda ta biyo shi da sa hannunka. A wasu hukumomin babba kan faɗa da baki, ƙarami ya sa hannu, ranar bincike kuma babban ya manta. Mai sharar ofishinmu ta yi jinyar wata uku, babu wanda ya taɓa gurbinta, don ka rubuta cewa kai ka ba ta izini.

Sau ɗaya ka karya ƙa'idarka, kuma a kaina ta faɗo. Kana kwance aka aiko daga sama da sunaye goma sha biyu, a ɗauke su aiki ba jarrabawa. Ni ce mataimakiyarka. Na kira ka a waya, da ƙyar ka ce, "Kada ki sa hannu." Ban sa ba. Aka sa mini ranar gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, aikin shekara goma sha tara yana lilo, shaidata kuwa kai kaɗai. Da labarin rasuwarka ya zo na yi kuka, kuma Allah ya sani ba duka hawayen ne naka ba.

Da na je gaisuwa, matarka Hajiya ta ja ni ɗaki ta miƙo mini ambulan.

"Ungo, 'yata. Kwana biyu ya yi yana rubuta layi huɗun nan. Likita ya hana shi, shi kuwa ya ce likitan ma ya kawo hanin a rubuce."

A takardar ka rubuta cewa umarnin kada in sa hannu naka ne, da kwanan wata, har da ƙarfe nawa. Na juya zan fita, ta riƙe mayafina.

"Ina za ki? Ya ce sai kin sa hannu kin karɓa."

Muka yi dariya a gidan makoki har aka leƙo.

Jiya kwamitin ya zauna. Shugabansu ya karanta takardarka, ya sake karantawa, ya tambaya ko akwai wani batu. Babu. Na koma teburina.

Allah ya jiƙan ka, Yallaɓai, ya yafe maka kurakuranka, ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Hajiya da yara, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari.