Ranar da na maƙale a motar tsere

Ina shekara ta biyu a sashen injiniya a Giza, ina zaune a unguwar Faisal, na ji cewa ɗalibai suna ƙera motar tsere mai amfani da lantarki, kuma suna neman direba. Washegari na hau mikrobas na je na gabatar da kaina. Shugabar ƙungiyar wata 'yar Masar ce da ke shekarar ƙarshe, mai ƙarancin magana. Ta tambaye ni ko na taɓa tuƙi. Na ce sosai ma. Gaskiyar magana, sau biyu na taɓa jan motar kawuna a Kano, duka biyun yana gefe yana salati.

Ta zagaya da ni motar. Ƙasa-ƙasa take, da ƙyar ta kai gwiwata, kujera ɗaya tak. Batirin yana bayan direba, an kwantar da shi can ƙasa don kada motar ta kife a kwana. Babu giya, babu salansa. Idan an taka birki ma, wani ɓangare na wutar komawa batiri yake yi. Ina ta gyaɗa kai ina cewa “tamam”, alhali hankalina yana kan hoton da zan ɗauka da hular kwano.

“Kafin komai,” in ji ta, “dole direba ya iya fita cikin daƙiƙa biyar. Idan batirin nan ya kama da wuta, ba ya jiran kowa.”

Shigar ma aiki ce. Ba zama ake yi ba, kwanciya ake yi, ƙafafu a miƙe gaba kamar mara lafiya a gadon asibiti. Shekara biyu na cin ful da koshari, abincin Masar, ba su tafi a banza ba, ƙuguna ya cika kujerar dam. Aka ɗaure ni da bel, aka maƙala sitiyari.

“Yalla, fito!” in ji shugabar.

Na cire sitiyarin, na rasa inda zan ajiye shi, sai na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Na kwance bel, na dafa gefe na yunƙura. Kafaɗuna suka fito, sauran jikin ya ƙi. Na sake yunƙurawa. Ina jin ɗalibai suna ƙirge da ƙarfi, har suka wuce talatin suka gaji suka daina. Ƙarshe mutum biyu ne suka kama ni ta hammata suka zaro ni, takalmina ɗaya ya tsaya wajen birki.

“Ma'alish, ba komai,” in ji shugabar. “Amma da a ce da gaske ne, da yanzu mun yi maka sallah.”

Na yi niyyar ba zan sake komawa ba, amma ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

“Batirinmu yana zafi da wuri. Ka iya lissafin iska?”

Wannan kam na iya. Na shafe wata uku ina yanka kwali ina gwada hanyar da iska za ta bi ta ratsa batirin, ina sauya wurin fanka. Na farko da na haɗa, iska mai zafi ya riƙa hura wa direba a ƙeya. Na huɗun ne ya yi.

Ranar gwaji a filin ajiye motoci, wata siririyar ɗaliba ce ta tuƙa. Motar ta wuce ni fuu, ba ƙara sai ɗan fito da kukan taya. Ni kuwa ina tsaye a rana rungume da tukunyar kashe gobara. Da ta tsaya aka duba, batirin bai yi zafi ba. Shugabar ta ɗaga min babban yatsa, na ji kamar ni na ci tseren.

Da yamma na kira mahaifiyata na ba ta labari, ban da zancen maƙalewa. Ta saurara har na gama.

“Kujera ɗaya ka ce?”

“E, Umma.”

“To ni a ina zan zauna? Ku dai ƙara nazari, Allah ya yi albarka.”