Kor da Kora a Gonar Ushahemba

Duk wanda ya saba sayen doya a kasuwar Lafia ya san Ushahemba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren Batibin nan mai dariya kamar ana kwance buhun gyaɗa. Gonarsa tana kan hanyar Obi, gadon mahaifinsa ce, kuma a gefenta aka binne tsohon. Bayan doya, babu abin da yake so a duniya kamar inji. Ya taɓa warware rediyon matarsa Hembadoon don ya ga inda muryar take kwana, ya mayar ya ɗaure, wasu kusoshi suka yi saura, rediyon kuma bai sake cewa uffan ba.

A ranin 2006 wani ƙaramin jirgin sama mai dogon wutsiya ya fara ratsa yankin, ƙasa-ƙasa, ya je ya dawo a miƙe kamar mai yin kunya a gona. Mata suka kwashe yara, shanun maƙwabcinsa Wakili Bafulatani suka watse. Ushahemba kuwa ya jefar da fartanya ya bi jirgin da gudu yana kaɗa hula.

"Munci, ka haukace ne?" in ji Wakili, da sunan da Fulani ke tsokanar Tibi da shi, don abokan wasa ne tun suna samari. "Ka tsaya ka taya ni tare shanu!"

"Shanunka ya san hanyan gida! Wannan kuwa bai san kowa a nan ba!"

Hausar Ushahemba ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Bayan wasu watanni sai ga mota da masu binciken ma'adinai. Shugabansu, Injiniya Hizbullahi, mutum ne mai haƙuri da son bayani. Ya ce wutsiyar jirgin nan na'ura ce mai jin maganaɗisun duwatsun da ke can ƙasa, kuma taswirar da ta zana ta sa suna so su duba wannan wuri da kyau, ko akwai kwal. Suka kafa turakun ƙarfe a jere, suka ja waya, suka tura wutar batir cikin ƙasa suna karanta amsa a allon wani akwati. Ushahemba ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Shi ne ɗaukar waya, shi ne buga turke, shi ne tambayar ko akwatin yana ganin doyarsa tana girma. Da aka bar shi ya danna maɓalli sau ɗaya, sai da ya zagaya motar yana rawa.

Da za su tafi, Injiniya ya ce, "Baba, mun ga alama. Za mu dawo mu yi kor."

Dariyar Ushahemba ta tsaya. "Kora? A gona na?"

"Nan tsakiya ma za mu fara."

Ushahemba bai ƙara tambaya ba. Ya koma gida ya zauna a kan turmi.

"Baban Sesugh, wa ya mutu?" in ji Hembadoon, don da sunan ɗansu take kiransa.

"Za a kore mu. Kuma ni da hannuna na danna."

Hembadoon ta ce ai ta faɗa tun ranar rediyo. Amma ta tashi ta taya shi dabarar da ya ƙulla. Tunda ƙarfe na'urar take ji, sai a raba gonar da ƙarfe. Suka kwashe tsoffin fartanyu, gwangwanayen tumatir, da ƙarfen keken da ya shekara a gindin mangwaro, suka kai rugar Wakili. Wakili ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce zai ajiye, amma in aka zo korarsa shi ma, zai nuna mai kayan.

Da farkon damina babbar mota ta iso ɗauke da injin haƙa mai dogon wuya. Ushahemba ya sa rigar coci ya tsaya a bakin gona don ya yi roƙo. Ya shirya maganarsa tsaf, sai dai idonsa ya ƙi barin injin.

"Oga, a yi haƙuri da kora har in cire doya. Kai, wannan abu nawa ne ƙarfinsa?"

Injiniya ya dafe kai. "Baba! Kor na ce, ba kora ba. Dutse ne za mu zaro daga ƙasa, siriri kamar rake, mu kai ɗakin gwaji. Ramin bai fi kaurin taɓarya ba."

Ushahemba ya rungume shi har ya ɗaga shi sama. Amma Injiniya bai ɓoye masa sauran ba. Ya ce idan kwal ɗin ya fito da kauri, masu haƙa za su iya neman wurin, kuma wannan magana ta fi ƙarfinsa.

Haka Ushahemba ya yi kwanakin haƙar nan zuciyarsa biyu. In injin ya yi ruri, sai shi ya yi tsalle don murna. In an zaro sandar dutse, sai ya leƙa akwatin da ake jera su yana addu'a kada ya ga baƙin kwal. Ya ga fari, ya ga toka-toka, ya ga mai ƙyalli. Rannan baƙin ya fito. Injiniya ya ɗora ma'auni a kai, ya juya shi, ya ce bai kai kaurin ƙosai ba, ga shi can da nisa ƙwarai, amma a jira gwaji.

Sakamakon ya zo lokacin sabuwar doya. Injiniya da kansa ya biyo kasuwa, fuskarsa ba walwala, don ya sa rai a wurin.

"Baba, ka yi haƙuri. Babu abin da zai biya wahalar haƙa a ƙarƙashin gonarka."

"Babu? Ko kaɗan?"

"Babu."

Ushahemba ya saki ihun da ya sa masu ɗaukar kaya suka juyo. Ya cika wa Injiniya bayan mota da doya, ya ja Hembadoon rawa tana dukansa da gefen zane tana dariya. Daga nan ya haye kan tulin doyarsa ya buɗe murya.

"Ku zo ku saya! Doya daga gona wanda babu komai a ƙasansa! Jirgi ya duba, inji ya duba, babu komai! Ni kaɗai ne a wurin!"