Ƙasusuwan Gonar Dalapa

Sunan da Kosme yake amsawa, Dalapa, sunan manya ne a Wida, amma shi mai hawan kwakwa ne, tafin hannunsa kamar bawon itace.

Kakan kakansa Jerbasiyo bawa ne. An sayar da shi ƙetaren teku yana yaro, ya fanshi kansa a Barazil, ya dawo da takalmi a ƙafa da yaren Fotugis a baki. Bai daɗe da sauka ba shi ma ya fara sayen mutane. Ya samu ƙasa a arewacin gari, ya sa bayinsa suka dasa kwakwar manja har mutum ya yi tafiyar safiya bai fita daga inuwarta ba. Tsofaffi sun ce ba a taɓa yin ubangida mai zafin bulala irinsa ba, don ya san inda take ciwo. A gari ya gina soro, matar aurensa ta cika masa shi da 'ya'ya. A gona kuwa wata baiwa Bayarabiya, Abeke, ta haifa masa ɗa guda. Ya ba yaron sunansa, bai ba shi komai bayan wannan ba.

Haka zuri'ar ta rabu biyu. 'Yan soro suka zama akawu da malaman asibiti da lauyoyi, wasu suka tafi Dakar da Faransa ba su waiwayo ba. 'Yan gona suka ci gaba da hawan itatuwan da aka sa iyayensu dasawa. An daina bauta tun tuni, amma kowace shekara manjan farko soro ake kai wa. Ranar bikin tunawa da Jerbasiyo, bayan an fito daga coci, 'yan soro su zauna kan kujeru, 'yan gona su ci wakensu a bayan kicin.

Kosme bai taɓa ganin aibin haka ba. Ya auri Sesi, ita ke dafa 'ya'yan kwakwa tana tace mai. Suka haifi uku. Mahaifiyarsa ta rasu, ya binne ta a gindin rimi tsakiyar gona, inda Abeke take kwance da duk wanda ya fito daga tsatsonta.

Gonar kuwa tana ta ƙanƙancewa. Duk ɗan soron da ya tashi aure ko karatu sai a yanki gefe a sayar. Sa'ad da furfura ta cika kan Kosme, abin da ya rage bai fi kewayen rimin ba, kuma a soro babu kowa sai wata tsohuwa, Tanti Lewopoldina, wadda ba ta taɓa aure ba, tana zaune da hotunan matattu.

Wata safiya ɗan ƙanenta Ilariyo ya zo daga Kutonu a mota, tare da masu awon fili. Kosme na bisa itace ya hango su, ya sauko.

"Tsoho, har yanzu kana hawa? Biri ma ya yi ritaya," in ji Ilariyo yana dariya. Sannan ya gaya masa an sayar da wurin, za a gina ma'ajiyar siminti.

"Ranka ya daɗe, da mutane fa a ƙasan nan."

"Waɗanne mutane?"

"Iyayena. Naka ne kai ma, in an bi jini."

Ilariyo ya duba agogonsa, ya ce katafila za ta shigo bayan bikin Ista.

Kosme ya wanke jiki, ya sa rigar cocinsa, ya tafi soro. A tsakar gidan akwai ɗakin da Jerbasiyo da 'ya'yansa suke binne, ƙarƙashin fararen duwatsu. Ya durƙusa gaban Tanti, ya roƙi kusurwa ɗaya kawai da zai binne ƙasusuwan iyayensa, ko da bayan ƙofa ne.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa. "Goshinka irin na babana ne sak," ta ce. "Tun kana yaro nake gani." Ta share ido da gefen zane. "Amma ba ni na tsara gidan nan ba, Kosme. In na mutu me zan ce musu?"

"Tanti, ki ce musu ruwa ne ya kore mu, muka fake."

Ta girgiza kai. Ta sa aka kawo masa farin yadi daga cikin akwatinta, ta ce ya naɗe su da shi.

Shi da Sesi suka yi tonon. 'Ya'yansu ba wanda yake kusa: babban yana tuƙa babur a Kutonu, na biyun ya tafi Gabon shiru ba labari, macen tana aure a Legas. Mahaifiyarsa ya gane ta da munduwar tagulla. Sauran sun gauraye da saiwar rimi, ba a san na wa da na wa ba. Duka suka shiga kwandon kwakwa biyu. Ya ɗauki ɗaya, Sesi ta ɗauki ɗaya, suka bi gefen titi zuwa garin Pahu, motoci na wuce su. Wan Sesi ya ba su wuri a bayan ɗakinsa, kusa da rogo.

Bayan Ista Kosme ya koma gonar ya tsaya daga nesa, ya ga itatuwan da ya san kowanne da halinsa suna faɗuwa. Masu dafa giya suka saye kututturan don tatsar bammi. Rimin ne ya ba katafila wuya, sai da aka sa masa wuta.

Tanti ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Aka rufe soron, damina biyu rufin ya rufta.

Kosme ya zauna a Pahu yana sayar da fetur a kwalabe bakin titi. Ƙafafunsa da suka saba da itace suka kumbura da zama. In yara suka tambaye shi ko da gaske danginsa ne suka gina wancan kangon na Wida, sai ya ce musu su matsa daga kusa da mai. Ya rasu a cikin damina. Ɗansa na Kutonu ya iso bayan an riga an binne shi, ya kwana ɗaya, ya sayar da kwalaben da igiyar hawan, ya tafi da uwarsa.