Mai gado na bakwai

Ina zaune ina yi wa yayana fifita, yana kwance a gado na bakwai a asibitin masu taɓin hankali, sai ga wani dattijo da buta a hannu, ya yi mana sallama.

"Baƙi muka yi? Daga ina?"

Na ce daga Fulatan.

"Ashe na gida ne, ni mutumin Karaye ne. Gadon nan nawa ne, amma ku saki jiki. Baƙonka Annabinka."

Nas ta hango shi, ta dafe kai.

"Malam Ado! Ba shekaranjiya na sallame ka ba? Kullum kai ke nan, ka mai da mu otal?"

"Sista, ke kika ce in tafi gida, in riƙa shan magani bayan cin abinci. Na zaga tasha, na zaga kasuwa, babu abincin. Shi ne na taho gida."

Ta yi tsaki, ta jawo katinsa. Na leƙa, wallahi a gurbin adireshi "gado na bakwai" aka rubuta.

Tana masifa, tana tura masa kwanon shinkafarta. Ya juyo ya ce mana bismillah.

Jama'a, wanda ba shi da gida, in an sallame shi, ina aka ce ya je?