Kuɓewar da ba ta sayarwa ba

Ina tsugune a kasuwar Illela jiya, ina ta karya bakin kuɓewa don in gane mai taushi, sai tsohuwar da ke sayarwa ta riƙe min hannu.

"Ke ɗiyata, za ki karye min su duka! Mi kika biɗa haka?"

Na ce, "Inna, Babana ne ya tashi daga ciwo. Sati biyu ba ya cin kirki, sai yau ya ce yana marmarin miyar ɗanyar kuɓewa."

Sai ta sake min hannu. Ta ɗaga zanen da ke bayanta, ta jawo wata ƙwarya cike da 'yan ƙanana, tsinkar safiyar ranar.

"Wagga ta gidana ta, ba ta saidawa ba. Tahi ki kaɗa mishi. Kuɗinta, ran kasuwa ki zo ki ba ni labari."

Jama'a, Baba ya cinye malmala biyu, har ya ce a ƙaro miya! Dariya nake, hawaye na zuba.

Ku taya ni shawara, wace tsaraba zan kai wa Innar nan?