Kunkurun da Kawu Ya Je Gaisarwa

A gidanmu na haya da ke bayan titin Wendover, can ƙasar waje, akwai wani murhu na lantarki a falo, mai jajayen fitilu kamar garwashi. Kaka, mahaifiyar Mama, ta raina shi ƙwarai. Ta ce wutar da ba ta gasa masara ba wuta ba ce. Amma da sanyi ya shigo, gabansa take shimfiɗa tabarmarta bayan tuwon dare, mu kewaye ta. Sai ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan ta iso." Mu ce ta shigo, rabi da Hausa rabi da Turanci, ta yi tsaki ta ci gaba.

Ɗanta ɗaya namiji, Kawu Istifanus, yana zaune a unguwar Sedgefield. Tafiyar ba ta kai a ce an yi tafiya ba, amma sai a shafe watanni bai leƙo ta ba. Kullum aiki ne. Ran nan sai ga shi da waya a hannu, ya dawo daga wasu tsibirai can tsakiyar teku. Bai durƙusa ba, a tsaye ya gaishe ta. Ya shiga nuna mana hotunan tsuntsaye masu shuɗin ƙafa, ƙadangaru masu iyo, da shi kansa a tsugune gaban wani ƙaton kunkuru.

"Mama, ya haura shekara ɗari fa! Dole ka sunkuya, a hankali, kar ka dame shi."

Kaka ta ce masa ya zauna, tatsuniya za ta yi.

Ta ce wani mutum ne ya ƙetare ruwa bayan ruwa don ya ga tsohon Kunkuru. Da ya isa ya zube ƙasa, har da rage murya. Kunkuru ya leƙo ya ce, "Bawan Allah, tsofaffin garinku sun ƙare ne?" Mutumin ya ce a'a, akwai tsohuwarsa. Kunkuru ya ce, "To ni ban goya ka ba, ban tauna maka abinci ba. Me ka zo nema?" Ya mayar da kansa cikin ƙoƙo, ya bar shi tsugune a rana.

Muka kwashe da dariya. Kawu ma ya yi, irin ta yaƙe, ya ce, "Mama ke nan, ba ki da dama." Ya duba agogo, wai zai tashi da wuri. Kaka ta bi ƙofar da ido bayan ya fita, kuma ba ta rufe tatsuniyar kamar yadda ta saba ba.

Na daɗe ina ɗauka habaici ne kawai, don bakinta akwai kaifi. Sai da na girma na gane roƙo take yi, kuma ba ta iya roƙo ta wata hanya ba. A bazarar da ta biyo baya Kaka ta rasu. Kawu ya fi kowa kuka a coci, har sai da aka riƙe shi. Ni kam har yau idan ya miƙo hannu, gaisuwar baƙo nake masa.